Python da ba ya karɓar baƙi: tarihin wata matsala da ta kusa kunyata ni

1/
Zare ne mai ɗan tsawo, ku gyara zama. Zan ba ku tarihin wani layi guda ɗaya a cikin wani ɗan ƙaramin fayil, wanda ya hana ni barci kwana biyu a 2022. Duk wanda ya taɓa sauke Python ɗin nan na zip a Windows ya buga pip ya ga an ce babu shi, wannan zaren naka ne.

2/
Abin da ya faru: wata makarantar kuɗi ta ba ni aikin rubuta 'yar manhajar da za ta riƙa haɗa sakamakon jarabawar ɗalibai ta fitar da shi a Excel da PDF. Kwamfutocinsu ba intanet, kuma malamin da ke kula da su ya kulle ko'ina, ba ka isa ka girka komai ba. Sai na ce ai da sauƙi, zan zuba komai a filash, har da Python ɗin kansa.

3/
A shafin sauke Python akwai wanda suka kira embeddable package. Zip ne ɗan ƙarami, ka warware shi, ga python.exe na kallon ka. Na ji daɗi. Na buga umarnin girka openpyxl, baƙin allo ya ce min "No module named pip". Na nemo get-pip.py na gudanar, ya nuna ya girku lafiya lau, har na ga foldar Lib da site-packages sun bayyana. Na sake bugawa. "No module named pip". Ga abu ina gani da idona, Python ya ce bai san zancen ba.

4/
Daren nan na fara tono. Kuma abin da na gano shi ne ba lalacewa ba ce, da gangan aka yi. Amma kafin a gane dalilin sai mun koma baya sosai, don tarihi biyu ne suka taho daban-daban suka yi karo a cikin wannan foldar.

5/
Tarihi na farko: dasa yaren kwamfuta a cikin wata manhaja. Tunanin ya girmi yawancinmu. A 1988 John Ousterhout na jami'ar Berkeley a Amurka ya fara Tcl, saboda ya gaji da ganin kowace manhaja da ɗalibansa suka rubuta tana da nata gurgun yaren ba da umarni. Ya ce a yi yare ɗaya mai kyau, a matsayin laburaren C, kowa ya dasa a cikin tasa.

6/
A 1993 kuma aka haifi Lua a jami'ar PUC-Rio ta Brazil, a hannun Roberto Ierusalimschy da Luiz Henrique de Figueiredo da Waldemar Celes. Aikin kamfanin mai na ƙasar, Petrobras, suke yi, kuma Brazil ta daɗe tana takura shigo da kayan kwamfuta daga waje, dole suka saba ƙera nasu. Yau Lua na cikin World of Warcraft da Adobe Lightroom da Neovim. Mafi yawan masu amfani da waɗannan ba su ma san yana ciki ba.

7/
Ku riƙe wannan, don shi ne ginshiƙin zancen: a wannan tsarin yaren baƙo ne, manhajar ce mai gida. Ita ke tada tafintan, ita ke gaya masa inda zai duba da inda ba zai duba ba. Python ma da Guido van Rossum ya fara a Amsterdam a ƙarshen 1989 ya fitar a 1991, tun da wuri yana da wannan ƙofar. Ka kira Py_Initialize daga C, shi ke nan, tafinta ya zauna a cikin manhajarka.

8/
Tarihi na biyu: yadda ake raba kod tsakanin mutane. Wannan kam hargitsi ne, kuma 'yan Python da kansu ba sa musu. Masu Perl sun samu CPAN tun 1995, rumbu ɗaya da kowa ke zuwa ɗiba. 'Yan Python kuwa sai dai ka nemo fayil a shafin wani, ka karanta bayaninsa, ka kwafa da hannu. Akwai wani shafi mai suna Vaults of Parnassus da ke tara adireshi kawai.

9/
A ƙarshen shekarun 1990, zamanin Python 1.5, aka tsayar da al'adar foldar site-packages: wurin ajiye kayan da ba na gida ba. Wani ɗan fayil mai suna site.py shi ke gudana duk lokacin da Python ya tashi, ya ƙara wannan foldar a jerin wuraren da ake dubawa, wato sys.path. Ku riƙe sunan site ɗin nan. Shi ne ɗan aiken da aka ɗaure a labarina.

10/
Daga nan abubuwa suka riƙa zuwa. Greg Ward ya fara distutils a 1998, ya shiga cikin Python a 2000, shi ya kawo setup.py. Richard Jones ya kafa PyPI a 2003, da farko jerin sunaye ne kawai, daga baya aka fara ajiye fayilolin a can. Har laƙabi aka yi masa, Cheese Shop, daga wani wasan barkwancin Monty Python inda mutum ya shiga shagon cuku ya tarar babu cuku ko ɗaya. Sun san kansu dai.

11/
Phillip Eby ya kawo setuptools a 2004, tare da easy_install da wani nau'in ƙunshi da ake kira egg, wato ƙwai. Ya iya girkawa har da abubuwan da ƙunshin ya dogara da su, amma bai iya cirewa ba. Ka girka, ka girka ke nan. Ian Bicking ya fitar da virtualenv a 2007, sannan pip a 2008, wanda sunansa na farko pyinstall.

12/
Na tsallake rikicin da aka yi lokacin da aka ɓalle daga setuptools aka yi distribute, sai 2013 aka sake haɗewa. Abin da ya shafe mu biyu ne. Na ɗaya, wheel, tsarin da Daniel Holth ya rubuta a PEP 427: ƙunshi dafaffe, an riga an harhaɗa shi, warwarewa kawai za a yi. Na biyu, Python 3.4 a Maris 2014 ya fara zuwa da pip a jikinsa ta hanyar ensurepip.

13/
Ku lura da shekarar nan. Shekara 23 aka yi daga fitowar Python zuwa ranar da mutum zai girka shi ya tarar da pip a ciki. Mu da muka koya bayan 2014 mun ɗauka haka Allah ya halicce shi. Shi ya sa idan muka ga Python babu pip sai mu ga kamar an yanke masa hannu.

14/
To, shekara ɗaya da rabi bayan nan, Satumba 2015, Python 3.5 ya fito. Steve Dower, injiniya a Microsoft kuma ɗaya daga cikin masu kula da Python, shi ya karɓi aikin gina na Windows daga Martin von Löwis da ya daɗe yana yi. Ya sake manhajar girkawa gaba ɗaya, kuma a nan ne zip ɗin dasawa ya fara fitowa a hukumance.

15/
Wace matsala yake son magancewa? A Windows, Python na da ɗabi'ar leƙe-leƙe. Idan ya tashi sai ya duba rajistar Windows, ya duba PYTHONPATH da PYTHONHOME, ya duba foldar mai kwamfutar. A ce ka sayar wa mutum dubu manhajarka da Python a cikinta. Ɗaya daga cikinsu yana da wani tsohon Python da ya girka shekaru biyar baya. Naka ya tashi, ya ɗauko laburaren wancan, ya faɗi. Kai za a kira, kai za a zaga, kuma ba za ka taɓa iya ganin matsalar a kwamfutarka ba.

16/
Saboda haka aka yi Python kurma. An cire pip, an cire ensurepip da venv, an cire tkinter da IDLE da littafin bayani. Laburaren gida an matse shi cikin zip ɗaya, kamar python310.zip, kuma ba asalin rubutun kod ɗin ba ne, fayilolin pyc ne da aka riga aka sarrafa. Babu foldar include mai Python.h, babu foldar libs. Wannan na ƙarshen zai dawo ya cije mu.

17/
A Python 3.6, Disamba 2016, aka ƙara abin da ya kama ni: fayil mai ƙarewa da ._pth. Idan python.exe ya ga irin wannan fayil kusa da shi, sai ya toshe kunne. Ba rajista, ba PYTHONPATH, ba komai. Abin da aka rubuta a fayil ɗin kaɗai ne sys.path. Ka buɗe shi da Notepad za ka ga sunan zip ɗin, sai ɗigo ɗaya, sai wani layin bayani, sai wannan:

#import site

18/
Alamar # ɗin nan ita ce duk labarin. Tana nufin kar a gudanar da site. Ba site, ba wanda zai gaya wa Python cewa akwai site-packages. Shi ya sa get-pip.py ya ajiye pip a wurin da ya saba, Python kuma ya wuce ta gabansa bai gan shi ba. Na goge alamar, na adana, na buga umarni, openpyxl ya sauko. Wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai ƙarfe ɗayan dare.

19/
Amma fa bayanin Python na hukuma ya faɗa ƙarara: ba a goyon bayan amfani da pip a wannan rabon kamar yadda ake yi a cikakken Python. Shawararsu ita ce ka ɗauki ƙunshin waje a matsayin ɓangaren manhajarka, ka gwada su, ka zuba su tare, kar ka bar mai amfani yana sabuntawa da kansa. Lokacin na ga kamar taurin kai ne. Yanzu na fi fahimta, ko da yake ina da ƙorafi, zan zo kansa.

20/
Tarko na biyu ya fi wayo. Na raba kod ɗina gida biyu, babban fayil da wani mai lissafin maki a gefensa. A cikakken Python foldar da fayil ɗinka yake tana shiga sys.path da kanta. A nan ba ta shiga. Ɗigon da ke cikin ._pth yana nufin foldar da python.exe yake, ba inda kake tsaye ba. Fayil biyu maƙwabtan juna, ɗaya bai san ɗaya ba. Sai da na rubuta hanyar foldata da hannu a cikin ._pth.

21/
Tarko na uku shi ne inda tarihin nan biyu suka yi karo na gaske. A 2016 PEP 518 ta kawo pyproject.toml, kuma daga pip 10 a 2018, idan ƙunshi mai wannan fayil ba shi da wheel sai an gina shi, pip na buɗe wani keɓaɓɓen wuri na wucin gadi, ya zuba setuptools a ciki, ya yi ginin a can. Dabara ce mai kyau. To ta yaya yake nuna wa Python wannan wurin? Ta PYTHONPATH. Wanda ._pth ya ce kar a saurara.

22/
Sakamakon: ka girka setuptools, kana ganin sa, amma gini ya faɗi da kuskuren da ba ya nuna maka ainihin dalili. Ɓangarori biyu na gida ɗaya, kowanne ya yi abin da ya dace a mahangarsa, shekara biyu tsakani, kuma haɗuwarsu ba ta aiki. Akwai --no-build-isolation da ke kewaye wannan, idan ƙunshin Python ne zalla.

23/
Idan kuwa akwai C a ciki, ka iso bango. Kompaila zai nemi Python.h, babu. Zai nemi python310.lib, babu. Abin da mutane ke yi shi ne su girka cikakken Python mai lamba iri ɗaya a wani wuri, su kwafo foldar include da libs su liƙa. Yana aiki, amma a lokacin ka riga ka sake gina rabin abin da aka cire da gangan.

24/
Kar ku ɗauka matsalar tsirarun mutane ce. Masu haɗa hotuna da ComfyUI a Windows, ku buɗe foldar da kuka sauke, za ku ga python_embeded, da d ɗaya, haka aka rubuta shi kuma haka ya zauna. Wannan zip ɗin ne. Duk mai kukan cewa ya girka ƙunshi amma ComfyUI bai gani ba, galibi pip ɗin wani Python daban ya kira. Dole ka kira python.exe na cikin foldar, ka bi shi da -m pip.

25/
Blender ma haka. Yana zuwa da nasa Python a ciki, kuma lambar na canzawa: Blender 4.0 na da 3.10, 4.1 ya koma 3.11. Wheel mai C a ciki an ɗinka shi ne daidai jikin lamba ɗaya. Ka ga suna kamar cp310-win_amd64, ma'anarsa Python 3.10, Windows mai bit 64. Ka sabunta Blender, kayan da ka girka jiya su daina shiga. Ga kuma Program Files da ba a rubutu a ciki sai da izinin admin, sai pip ya karkata ya ajiye a foldar mai amfani, can wani wuri daban.

26/
Shekaru masu rubuta ƙarin kayan Blender suna kiran pip a ɓoye daga cikin kod ɗinsu, wani ya girka wannan lambar numpy, wani ya taka ta da tasa. Sai a Blender 4.2, Yuli 2024, aka kawo tsarin extensions inda mai ƙari zai haɗo wheel ɗinsa a cikin ƙunshin. Wato dai shawarar da bayanin Python ya bayar tun farko, ita suka koma.

27/
A gefe: Lua ma bai tsira ba. LuaRocks ya zo a 2007, amma ƙunshin da aka gina wa Lua 5.4 ba zai shiga manhajar da ke ɗauke da LuaJIT ba, wanda ya tsaya a tsarin 5.1. Masu MicroPython na ƙananan alluna kuma sun yi ta fama da upip har aka maye shi da mip a 2023. Wannan wani zaren ne daban.

28/
Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Linux ma ya bi sahu. Da yawa daga kayan aikin Debian da Ubuntu da Python aka rubuta su, wato Python ɗin tsarin ma dasasshe ne, mai gidan ne kawai ya fi girma. Mutane na buga sudo pip suna karya kwamfutocinsu. PEP 668 ta ba masu rabon damar kulle ƙofa, kuma daga Debian 12 da Ubuntu 23.04 a 2023 sai ka ga "externally-managed-environment". Wanda ya nace, an ba shi maɓalli mai suna --break-system-packages. Sunan kaɗai ya isa wa'azi.

29/
A shekarar dai, Oktoba 2023, Python 3.12 ya cire distutils ɗin Greg Ward gaba ɗaya bayan shekara 23, kuma venv ya daina zuba setuptools da kansa. Tsofaffin ƙunshi da yawa suka fara faɗuwa, har a cikakken Python.

30/
Mu koma makaranta. Na gama komai ranar Laraba, na gwada a laftof ɗina, lafiya. Ranar Juma'a za a raba sakamako. Alhamis da safe na je na soka filash, na danna. Wani akwati ya fito, Python ya ƙi tashi. Windows 7 ce. Python 3.8 shi ne na ƙarshe da ke tashi a Windows 7, daga 3.9 an rufe wannan babin. Ban tambaya ba, laifina ne.

31/
Shugaban makarantar na tsaye a kaina yana cewa "Injiniya, lafiya dai ko?" Na ce lafiya lau ranka ya daɗe, ɗan gyara ne. Na duba kuma na ga kwamfutar mai bit 32 ce. Ke nan Pillow ɗin da reportlab ke buƙata don PDF, wanda na sauke na amd64, ko da Python ya tashi ba zai yi aiki ba. Kuskure biyu a tafiya ɗaya.

32/
Na koma gida, ba wuta, na kunna hotspot da ragowar data. A ranar na koyi hanyar da ya kamata in bi tun farko. Na sauke zip ɗin 3.8.10 na bit 32. Ban saka masa pip ba sam. Daga cikakken Python na laftof ɗina na kira pip install da --target zuwa wata folda a cikin aikin, da --platform win32, da --python-version 3.8, da --only-binary=:all: don kar ya yi yunƙurin gina komai. Sannan na rubuta sunan foldar a python38._pth. Alamar # na bar ta inda take.

33/
Saura abu ɗaya da bayanin hukuma ya yi gargaɗi a kai: zip ɗin ba ya zuwa da Universal C Runtime na Microsoft, nauyin mai manhaja ne. Windows 10 na da shi a jiki, Windows 7 sai an yi mata sabuntawa. Na sauke sabuntawar na tafi da ita, na roƙi malamin kwamfuta ya saka kalmar sirrinsa sau ɗaya. Bayan la'asar PDF na farko ya fito daga firinta.

34/
Ƙorafina da na ce zan faɗa: a shafin saukewa, zip ɗin dasawa na zaune a jeri ɗaya da cikakken Python, kuma shi ne mafi ƙanƙanta. Wanda datarsa ke ƙidaye, ko wanda ba shi da izinin girka abu a kwamfutar ofis ko ta kafe, wanne kuke ganin zai danna? An yi shi don masu ƙera manhaja, amma ɗalibai da masu koyo ne ke faɗawa ciki, suna neman Python na yawo a filash. Ga masu wannan buƙatar akwai WinPython, akwai kuma ƙunshin Python na NuGet da ke zuwa da pip ba tare da manhajar girkawa ba. Ba wanda ya gaya min a lokacin.

35/
Makarantar na nan tana amfani da foldar har yau, zango bayan zango, ba a taɓa kira na kan ta lalace ba. Sai dai Python 3.8 ya daina samun gyaran tsaro tun Oktoba 2024, Windows 7 kuma tun Janairu 2020. Watan jiya suka kira ni wai sun ja intanet zuwa ofis, suna so manhajar ta riƙa tura wa iyaye sakamako kai tsaye. Na ce musu kafin in taɓa layi ɗaya sai an sauya kwamfutar. Sun ce za su zauna da mai makarantar, ina jiran kiransu.